Jan Biro a Kan Dashen Tuffa

Ƙarfe huɗu na yamma bai cika ba gari ya yi duhu, dusar ƙanƙara ta binne ɗan lambun bayan gidan. Solvej ta dawo daga aikin asibiti, ko rigar sanyi ba ta cire ba ta zube a kujera. Asger, wanda suke zaune tare shekara shida ba aure, ya turo mata littafin masu sayar da iri. Haka suke yi duk Janairu: shi ya zagaye abin da yake so da jan biro, ita da shuɗi.

Latas ta zagaye, sai alayyafo. Ta ajiye biron.

"Shi ke nan?" in ji shi. "Ai kafin Yuni an cinye su."

"Na sani."

Ta juya shafi, sai ga jan zagaye a kan dashen tuffa. A ƙasan hoton an rubuta cewa sai ya shekara biyar yake 'ya'ya.

"Shekara biyar, Asger? Kai da ko tumatir ba ka tunawa ka ba shi ruwa?"

Ya sunkuyar da kai. "Mu yi aure, Solvej."

Ta ɗora yatsa a kan hoton tuffar.

"Sau biyar ina zagaye wannan itacen, kana cewa bari mu ga baɗi. Na gaji. An ba ni aiki a can birnin Aalborg, Yuni zan tafi."

Ya ɗauki biron zai soke zagayen. Ta dafe hannunsa.

"Bar shi, ka dasa. Kai ma ka ɗanɗana jira."