Madatsar Da Aka Ƙi Fasawa

Ranar Talata ce, ƙarfe biyu na rana, a tsakiyar rani. Na faɗi ranar da lokacin ne, Ayuba, don ka san ɓarna ba daga sama take faɗowa ba. Akwai sa'ar da mutum yake tsayawa da fartanya a hannu, ya ƙi ɗaga ta. Jiya ka ce mini babu abin da yake mai kyau ko mummuna a karan kansa, sai abin da mutanen wuri suka yarda da shi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yau ga amsata.

Ƙauyuka uku ne a bakin rafi ɗaya, na sama, na tsakiya da na gangare, dukansu manoman albasa. Da rani ruwan ba ya isar kowa lokaci guda. Saboda haka tun kakanni na sama suke datse rafin da laka da kara daga asuba zuwa hantsi, su shayar da lambunansu, su fasa. Na tsakiya su riƙe zuwa azahar, su fasa. Na gangare su sha saura. A shekarar da abin ya faru, na tsakiya sun faɗaɗa lambuna fiye da ruwansu. Da sarkin rafinsu, mai kula da rabon ruwa, ya zo fasa madatsa ranar Talatar, sai ya tarar da wani mai baki, wanda ya taɓa fatauci a nesa, zaune a kanta, jama'a kewaye da shi. Yana cewa, "Na je inda ake gaida surukai a tsaye, na je inda ake cin abin da muke jefa wa kare. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Laifi ba dutse ba ne da za ka yi tuntuɓe da shi a hanya. Abin da gari ya kira laifi shi ne laifi, kuma mu gari ne. Wa ya yarda mu riƙe ruwanmu?" Kowa ya ɗaga hannu. Sarkin rafi ya jingine fartanya.

A gangare ganyen albasa ya yi rawaya, ya kwanta, ƙasa ta tsage. Wata tsohuwa da mijinta ya rasu ya bar mata lambu ɗaya da jikoki ta hauro da busasshen dashe a bakin zanenta, ta zube shi a gaban mai bakin. Ta ce, "Kai mai zagaya duniya, a wane gari ka ga ana shayar da albasa da surutu?" Ya yi dariya ya ce, "Inna, a wurinku laifi ne, a wurinmu ba laifi ba ne. Kowa da nasa."

To, ruwa gangarawa yake yi, amma magana har tudu take hawa. Na sama suka ji. Wata safiya hantsi ya yi, ba su fasa ba. Na tsakiya suka hau a fusace, mai bakin a gaba, kuma tun kafin ya yi tunani kalmar ta kuɓuce masa: "Wannan zalunci ne!" Sarkin rafin sama, wani dattijo, ya ce, "Zalunci a wurin wa, ɗana? Mu ma mun zauna, mu ma gari ne." Sannan ya miƙa masa fartanya. "Faɗi da bakinka cewa hana na ƙasa da kai ruwa zalunci ne, ko wa ya yi, ko a ina, ko duk gari sun ɗaga hannu. Kana faɗa ka fasa tawa da hannunka. Amma ka sani, kalmar da za ta fasa tawa ita za ta fasa taka."

Mai bakin ya dubi ruwan. Ya san in ya faɗa, sai ya gangara ya durƙusa gaban tsohuwar nan. Ya ce, "Wannan ra'ayinku ne, mu ma muna da namu." Ya juya. Abin da yake ƙona mini rai shi ne, a cikin duk mazan da suka hau tare da shi babu wanda ya karɓi fartanyar. Kowa ya san gaskiya, cikinsa ma ya sani, amma kowa ya tuna ya ɗaga hannu. Na sama suka ci gaba da riƙe ruwan, amma ba su tsira ba, don su ma da yunwar tsohuwar suka koya wa maƙwabtansu darasi. Ruwan da suka tara ya kwanta a lambu, albasa ta ruɓe a ƙasa.

Gaisuwa takan bambanta, ɗana, abinci yakan bambanta. Amma ban taɓa jin garin da aka ƙwace wa mutum ruwa ya yi godiya ba.

Kafin damina ta sauka, ƙauyen tsakiya ya watse. Waɗanda suka rage su ne sarkin rafi da fartanyarsa, wani makaho da ba shi da mai ja masa gora, tsofaffin mata biyu da suka ƙi barin kaburburan mazansu, sai mai bakin, zaune a kan madatsar da babu ko ɗigon ruwa a bayanta, yana bayyana wa awaki cewa kowa da nasa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, daga ƙin gaskiya sai ɓata.