Rantsuwar Malam Dikko

Hamdiya na dawowa daga rijiya ta ji guɗa ta cika gidansu na Kebbe. Ta leƙa, sai ta ga 'yar baffanta Mas'uda, ko ƙurar hanyar Tambuwal ba ta karkaɗe ba, mata sun kewaye ta suna cusa mata goro, ana ta "Likita! Legas!"

Tare suka nemi gurbin karatun likitan nan na Legas, Mas'uda ce ta tafi duba sunaye. Hamdiya ta ja da baya. Ta dire tulu, ta zagaya zauren kakansu Malam Dikko, wanda ba ya magana biyu.

"Malam, ka san abin da aka koya ma ɗiyan mutane can? Feɗe gawa, ba wanka, ba sallah, maza da mata ɗaki guda."

Tsohon ya yi salati, ya dafa Alƙur'ani. "Wallahi in ina raye, ba ɗiyar gidan ga da za ta tafi."

Ta fito tana ɓoye murmushi, sai Mas'uda ta rungume ta.

"Albishirinki! Ni ban samu ba, sunanki na gani. Dubi goron albishir da anka ba ni. Taho mu faɗa ma Malam!"