Zauren Kwamfuta Ya Cika

Ranar Talata ce, rana ta take tun da hantsi. A wani asibitin ƙauye, kwamfutar da ke riƙe da sunayen marasa lafiya ta tsaya cik. Mai kula da ita mutum ne mai tsantseni. Ranar da ya kafa ta, ya raba faifan ajiyarta kamar yadda ake raba gida: ɗakin kaya daban, ɗakin ma'aikata daban, sai tushe, wanda masu aiki da manhajar Yuniks ke kira rut. Tushen nan shi ne zaure. Ba shi da girma, amma kowa ta nan yake bi, in ya cushe kuwa ko mai gida ba ya shiga. Saboda haka ya tsare shi da ƙarfinsa. Ya hana ajiye hoton biki, ya hana waƙa, har ya taɓa sa wata ungozoma kuka a kan bidiyon sunan jikarta. Yau ga zaure ya cika maƙil, ga mata da goyo sun yi layi a gindin darbejiya, ba a iya fitar da katin kowa. Likita ya leƙo sau ɗaya.

"Malam, in azahar ta yi ba ta tashi ba, ka ajiye mana makullin."

Mai kula da kwamfutar ya shiga neman ƙaton kayan da wani ya ɓoye masa a zauren, yana ta zargin mutane a ransa. Bai sami komai ba. Can ya tuna da wata firinta da ta mutu tun bara, aka jefa ta bayan ƙofa ba wanda ya sanar da kwamfutar. Ita kuwa kwamfutar kowace daƙiƙa sai ta neme ta, in ba ta same ta ba ta rubuta layi ɗaya na ƙorafi ta ajiye a zaure. Ya sha ganin rubutun yana wucewa, yana cewa layi ɗaya me zai ci. Layin nan ne ya tara 'yan'uwansa har suka toshe ƙofa. Ya share su, kwamfuta ta tashi ana kiran salla, amma rabin matan sun riga sun koma gida da zazzaɓinsu. Washegari da safe ya cire sunan firintar daga kwamfutar, ya yanka wa rubutun ƙorafi ɗakinsa daban, ya sa a riƙa share tsohon duk mako.

Hausawa dai sun ce, da yayyafi kogi kan cika.