Shawara ta Bakwai

Takarda uku Yaya ya ajiye mata a gefen kwamfuta, duk rubutun hannu, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin kowane kan magana. 'Yar jaridar wata-wata ce ta ƙungiyarsu ta masu hawan dutse. Shekara shida ita ke buga musu ita a shagonta, amma wannan ce ta farko tun rasuwar mijinta, wata biyar ke nan.

"In ba za ki iya ba, ƙanwata, sai in kai wani shagon," in ji shi.

"Zan iya, Yaya. Zauna."

Ya zauna a benci kusa da injin hoton takardu. Wan mijinta ne, tsohon malamin lissafi, kuma sakataren ƙungiyar. Ya rame ƙwarai, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tun da abin ya faru shi ke kai 'ya'yanta makaranta, shi ke ɗauko su. Ko zazzaɓi yaro ya yi, kafin ta ɗauki mayafi ya iso ƙofar gida.

Ta fara da labarai. An sami sababbin mambobi biyu. An sayi igiya da akwatin magani. Za a koma fita ranar Asabar ta farkon wata mai zuwa, ƙarfe shida a bakin tasha. Sai labari na huɗu: ƙungiya ta sallami direban mota ta biyu. Wannan layin da ƙarfi ta buga shi.

Mota biyu suka tafi da su ranar da mijinta ya ɓata, mutum talatin da ɗaya. Da aka sauko da yamma, motar farko ta cika ta wuce. Direban ta biyu bai kira suna ba, ya dai leƙa ya ga kawuna, ya ta da mota. Kowace mota ta ɗauka mijinta yana cikin ɗayar. Yaya ne mai tsaron baya, wanda ke saukowa a ƙarshe, kuma bai ga kowa a hanya ba.

Sai bayan kwana biyu aka sami mijinta a wani kwazazzabo, taku kaɗan daga hanyar saukowa, ƙugunsa a karye, gorar ruwansa a bushe, usur ɗinsa a rataye a wuya. Likita ya ce ya kai yini guda da rai. Da an je a kan lokaci, da ya rayu.

'Yan sanda sun tambayi mutum talatin ɗin ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ji ihu, babu wanda ya ji usur. Aka ce mai yiwuwa ya suma tun faɗuwarsa, bai farfaɗo ba sai bayan kowa ya tafi. Wannan maganar ta riƙe, ita ta gaya wa yara: Baba bai san an tafi an bar shi ba.

Sau uku direban ya zo yi mata gaisuwa, sau uku tana hana shi shiga. Na ƙarshe ya durƙusa a ƙofar shago yana kuka kamar yaro. Yaya ne ya ɗaga shi, ya raka shi har bakin titi. Ta daɗe tana mamakin kirkin Yaya.

Shafi na biyu ta'aziyya ce. Yaya ya rubuta cewa marigayi mai gyaran rediyo ne, mutum mai raha, wanda 'yan ƙungiya ke kira Tsokana. Yakan ɓuya bayan dutse ya yi kukan kura, ko ya cusa wa mutum duwatsu a jaka, sai an kai ƙoli a gane. Ta yi murmushi hawaye na zuba. Har gishiri ya taɓa zuba wa Yaya a gorar shayi, suka yi mako ba sa magana.

"Kin gaji? A bari sai gobe," in ji Yaya. Ya riga ya miƙe, hannunsa na kan takardun.

"Saura shafi ɗaya."

Ya koma ya zauna a bakin bencin.

Shawarwari ga mambobi. A sa takalmi mai riƙe ƙasa. Kowa ya ɗauki ruwa gora biyu, ko da sanyi ake. Kada a bar hanya don ɗaukar hoto. A gaya wa mutanen gida inda za a je da lokacin dawowa. Kada mota ta tashi sai an kira sunan kowa ya amsa da bakinsa. Mai tsaron baya kada ya zama mutum ɗaya, su zama biyu.

A ta bakwai rubutun ya karkace, biro ya huda takardar wuri biyu. Sai da ta kusanto da ita ido sannan ta iya karantawa. Wanda ya shiga hatsari ya hura usur sau uku, ya dakata, ya sake. Kada ya yi ta hurawa ba ƙaƙƙautawa kamar yadda marigayi ya yi.

Ta buga har ƙarshen layin. Sannan yatsunta suka tsaya. Ta sake karantawa, a hankali, kalma bayan kalma. Fankar sama na ta juyawa. A waje wani mai baro na neman a ba shi hanya.

Ba ta juyo ba, ta ce, "Yaya, ai an ce babu wanda ya ji shi."

Da ta waiwaya yana zaune, ya kama gwiwoyinsa da hannu biyu, idonsa a ƙasa.

"Wallahi, ƙanwata," ya ce, "har na sauko gindin dutsen yana hurawa. Na ɗauka tsokanata yake yi."