Randa da Azara

Akwai wata tsohuwa maginiyar tukwane, a wani gari da kwalta ba ta daɗe da ratsa shi ba. Tana zaune a soron da mijinta, Allah ya jiƙansa, ya gina mata da hannunsa, mai rufin azara, wanda ko da tsakar bazara cikinsa sanyi ƙalau kamar bakin rijiya. A nan ta haifi 'ya'yanta, a nan maigidan ya cika, kuma roƙonta ga Ubangiji kullum shi ne ita ma daga nan za a ɗauke ta.

Cikin jikokinta akwai wanda ya je jami'a ya karanci duba lafiyar gine-gine. Ta ce a fassara mata wannan karatu. Aka ce ai ba ya ɗora bulo, ba ya zana gida. Gini ne idan ya tsufa, ko ambaliya ta taɓa shi, ko wani zai saya yana tsoron a cuce shi, sai a kira shi ya zagaya ya faɗi abin da ke damunsa. Banki na nemansa, gwamnati na nemansa. Ta yi dariya ta ce ashe likitan bango ta aura, don da ma angonta take kiransa, irin wasan kaka da jika. Sai dai ta kuma ji an ce ya taɓa duba wani bene a birni, ba a jima ba aka rushe shi. Wannan ta riƙe a ranta.

Gab da faɗuwar damina ya zo gaishe ta. Ko ruwan da ta ba shi bai shanye ba ya ɗaga kai yana kallon rufi. Ya fita ya duba indararo, ya tarar ya karye ruwa na komawa cikin bango. Ya dawo ya durƙusa ya ce mata kawunan azara sun ruɓe, ta daure ta koma wani ɗakin kafin ruwan farko. Ta san tun zuwan kwalta ake zawarcin gidajen bakin hanya don a yi shaguna, ta san 'ya'yanta sun daɗe suna lallashinta ta koma birni. Ta ce, "Su suka aiko ka ko? Kai ne angon da ke korar amarya daga ɗakinta? To ka koma ka ce musu ba ka same ni ba." Ya fito da wata 'yar na'ura mai gane danshi, ta kau da kai. Goron da ya kawo mata ma ko taɓa shi ba ta yi ba, haka ya koma da abinsa. Ga hadari kuwa kullum sai ya leƙo ta gabas.

Bai ja da ita ba. Washegari ya same ta a rumfar tukwanenta ya ce matarsa na son randa. Ya tsallake duk waɗanda ta jera, ya nufi wata ja mai sheƙi da ta ware a gefe. Ta ce ya ajiye, wannan ba ta riƙe ruwa. Ya jujjuya ta ya ce shi bai ga tsaga ba, ko dai rowa ake yi masa? Tsohuwa ta ƙwace randar ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa, sai ta amsa a dishe. Ta ƙwanƙwasa ta kusa da ita, ta amsa garau. Ta ce, "Rowa, a gidan nan? Karatun naka bai kai kunne ba? Ido ai kyau kawai yake gani." Ya ce, "A rumfar nan na fara karatun, Kaka. Can suna kawai suka sa masa." Sai ya miƙa mata sandarta, ya nuna soro.

Ta daɗe a tsaye kafin ta shiga. Ta yi bismillah ta ɗaga sanda ta bugi azara ta farko, ta amsa garau. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har ta zo saitin gadonta. Nan ta ji muryar da ta sani, irin ta randar da ba ta taɓa yarda ta sayar wa kowa ba. Ta sauke sandar ta zauna a bakin gado. Can ta ce, "Rushewa za a yi?" Ya ce a'a, waɗanda suka dishe kaɗai za a zare, sauran sun fi shi kansa ƙarfi.

Haka kuwa aka yi. Da magina suka zaro ta saitin gadon, kanta ya marmashe a hannunsu kamar busasshen tuwo. Aka sa sababbi, aka gyara indararo, aka shafe rufin da makuba. Ruwan farko a cikin soronta ya same ta, tana zaune kan buzunta tana jan carbi, ga ƙanshin ƙasa na shigowa. Randar da ta amsa garau kuwa ta sa an ɗora masa ita a mota, ta ce ya kai wa matarsa, kuma ya dawo mata da goronta, tunda fushin ya wuce.

Ba duk mai ɗaga kai ya kalli rufinka ne ke ƙyashin inuwarka ba, wani tsoro yake kada ya faɗo maka. Shi ya sa Hausawa suka ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.