Layi Uku a Cikin Rigata

"Yaya, wallahi ka rame," in ji ƙanwata. "Ka je asibiti."

"Ke dai ba kya gajiya da surutu. Dubi rigata, cif take a jikina."

Ni makanike ne, abin da idona ya gani shi na sani. In mutum ya rame, kayansa ne ke fara gaya masa. Nawa ba su ce komai ba. Jiri da aman da nake yi kuwa, na ɗora wa zafin gareji.

Tun da matata ta sayi keke ta fara koyon ɗinki a gida, ita ke kula da kayana. Ita ke haɗa mini shayi kuma, ba ta bari kowa ya taɓa kofin.

Ran nan na tuɓe riga ta juye, sai na ga layin ɗinki uku a gefenta, kowanne ya fi wani shigowa ciki. Matata 'yar koyo ce, ba ta san ana farke tsohon zare ba. Na duba wandona. Haka yake.

Na same ta a kan keke, ga sabuwar riga a ajiye. Na zura, ta ƙi wuce kafaɗata.

"Wannan kuma ta wa ce?"

"Taka ce, maigida."

"Ai ta yi mini kaɗan."

Ta datse zare da haƙori, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ajiye ta, wata mai zuwa za ta shige ka. Sha shayinka kada ya huce."