Tafki ko Kogo

Injiniyan ya ɗora yatsa a kan taswira, ya dubi mata da mijin da ke zaune a gabansa. "Dole titin nan ya bi ta ɗaya, ko tafkin kwaɗi ko kogon jemagu. Ku ne masana, ku zaɓa. Ni na gaji."

Matar ma ta gaji. Shekara da shekaru tana nazarin ɗan koren kwaɗon nan, mijinta yana bin jemagunsa, ko abinci suke ci sai sun yi musun wanda ya fi kusa da ƙarewa.

"Naka suna da fukafukai, Baban yara," ta ce. "Nawa fa, ina tsalle zai kai su?"

"Ɗa ɗaya jemagen nan ke haifa a shekara," ya ce a hankali.

Amma ta fi shi baki, kuma kwaɗo ya fi kyau a hoto. Aka fasa kogon. Ya rataye fitilar aikinsa a bayan ƙofa, bai ƙara tayar da maganar ba.

Ba a jima ba tafkin ya soma janyewa. Ta sa takalman roba ta bi 'yar ƙoramar da ke shayar da shi, abin da ba ta taɓa yi ba, don kullum idonta na kan kwaɗi. Sawun ruwan ya ƙare a gindin tulin duwatsun da a da kogo ne.

"Yaya mutanenki?" ya tambaya da ta shigo gida.

Ta ajiye takalman a ƙarƙashin fitilarsa. A bushe suke ƙamas.